Muryar da Wendell Ya Cire Daga Faifai

Mai girma wakiliyar yankinmu a majalisar gunduma. Shugaban 'yan kwana-kwana na sa kai da mutanensa da nake gani jere a jikin bango cikin kayan aiki. Dattawan kwarin Slocan, maza da mata. Mama Polly Chernenkoff, wadda ta haifa mana Wendell. Solveig, matarsa ta shekara ashirin da biyu. Yaya Verna Abel, da ta yi tuƙin awa uku a kan ƙanƙara don ta zo. Dash Rourke, abokin kiɗansa tun suna samari. Da ku duka da kuka cika wannan zaure har wasu na tsaye a bakin ƙofa, ina gaishe ku. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Noreen Kasprick. Ni ce ke tuƙa motar 'yan makaranta ta hanyar sama. Ban iya kiɗa ba, ban iya waƙa ba, ko tafi nakan yi shi a karkace. Mai sauraro ce ni kawai. Shekara ashirin da biyar ina bin Wendell da Dash duk inda suka kafa lasifika, tun suna kiran kansu Hankaka Biyu suna kiɗa a filin wani manomi da janareta ta aro.

Na san da yawanku sun yi mamaki da Solveig ta ce ni zan yi magana. Ni ma na yi. Na ce mata, "Solveig, kin manta abin da na rubuta a kan mijinki?" Ta ce, "Don ban manta ba na kira ki."

Kuma na san abin da ke cikin zauren nan, ba sai mun yi kamar ba mu sani ba. Tun safe an rabu gida biyu a wajen dafa miya. Dash ya zo da tsohon faifai a aljihun rigarsa, kuma mutane da yawa suna so a rufe taron nan da tsohuwar "Kiran Safiya", wadda muka yi rawa da ita tun muna da baƙin gashi. Solveig ta ce sabon faifai za a sa. An ɗaga murya a kicin, na ji, kowa ya ji. Ina roƙonku ku ba ni 'yan mintuna kafin kowa ya taɓa na'urar can.

Bari in fara da mutumin, kafin in zo kan faifan.

Ya kasance mutumin da idan dusar ƙanƙara ta zuba, kafin ka gama shan shayi za ka ji taraktarsa a ƙofar gidan wata tsohuwa yana share mata hanya. Ba ya sallama, ba ya jiran godiya. In an fito da burodi za a ba shi, sai ya ɗaga hannu daga kan kujera ya wuce gida na gaba.

Ya kasance ɗan kwana-kwana shekara goma sha tara. Ranin da wuta ta sauko daga dutse wayoyi suka mutu, kun tuna abin da ya yi. Ya ɗaura lasifikokin rawa a bayan motarsa, waɗanda maƙwabta suka sha kai ƙara a kansu, ya bi hanya gida-gida yana kiran mutane da sunayensu: "Ku fito yanzu, ku bar kaya, ku ɗauki kare!" Akwai mutum a zauren nan da ya taɓa cewa zai fasa lasifikokin nan da gatari. Su suka fitar da shi daga gida ranar. Ba zan faɗi sunansa ba, ga shi can yana kallon ƙasa.

Ya kasance mai taurin kai. Mama Polly, kin fi kowa sani. Ya kasance mai jinkiri a komai, a magana, a tuƙi, a kiɗa. Kiɗan na'ura irin nasu, wanda ake kira tirans, ba ya gaggawa. Ganga ɗaya za ta fara, ita kaɗai, har ka ce na'ura ce ta maƙale. Sai wata ta shigo ta ƙarƙashinta. Sai bugun ƙasa ya taso, wanda a ƙirji ake jin sa kafin kunne. Minti biyar, minti shida, yana ta ɗora abu kan abu, kai kuma kana tsaye a ciyawa da hantsi, raɓa ta jiƙa maka takalmi, ba ka san lokacin da ƙafarka ta fara motsi ba. Wasu makaɗan sukan so tsakiyar biki. Su Wendell safiya suke nema, lokacin da rana ke leƙowa ta kan dutse mutane sun gaji sun daina nuna kai.

A minti na bakwai na "Kiran Safiya" sai komai ya lafa, muryar wata mata ta fito. Tsohuwar murya, mai kauri, cikin harshen da ba wanda ya sani a cikinmu. Mutum ɗari biyar su ɗaga hannu sama. Na ga ƙattin masu saran itace suna hawaye a wurin. An ɗaura aure da waƙar nan a kwarin nan. Ni kaina, shekarar da mijina ya tafi ya bar ni, da ita nake tayar da mota kowace safiya kafin yara su shiga.

Sai ga shi bara waccan, da bazara, Wendell ya fitar da sabon faifai shi kaɗai, ya sa masa suna Ƙetare na Biyu. Kiɗa tara ne na tsohon faifansu, ya warware su ya sake ƙera su. Ya janye tsohon daga kasuwa. Duk gangunan da suka kwaso daga kaset-kaset na mutanen da ba su sani ba ya zubar, ya tara makaɗa bakwai na nan kwarin suka buga da hannunsu. Na sayi faifan ranar da ya fito. Na ajiye mota a bakin kogi na sa. Kiɗa na farko, na ce to, ba laifi. Na uku ya fi na da nauyi, har madubin mota na rawa. Na wuce kai tsaye zuwa "Kiran Safiya". Minti na bakwai ya zo, komai ya lafa, na riƙe numfashi.

Muryar ba ta nan. Wata ce daban, siririya, tana rawa, kamar mai rarrashin jariri.

Na koma gida na zauna na rubuta abin da da yawanku suka karanta a intanet, wasu ma suka yaɗa. Na ce Wendell ya kashe waƙar da ba tasa ba ce shi kaɗai. Na ce tsoro ne ya kama shi a tsufa. Na ce ya cire zaki ya sa mana wata tsohuwa mai muryar ƙofar da ba a sa wa mai ba.

Mama Polly, ban san ke ce ba. Wannan ba hujja ba ce, amma ban sani ba.

Kwana uku bayan haka, da tsakar rana, ina share cikin mota a wurin ajiya, sai na ji an ƙwanƙwasa gilashi. Wendell ne, da kofi biyu a hannu da wata takarda a naɗe a hammata. Rubutun nan nawa ne ya buga a takarda, ku ji. Ya hau ya zauna a kujerar 'yan aji ɗaya, gwiwoyinsa har haɓa.

Ya ce, "Direba, ashe kin iya rubutu haka kike ɓata rayuwarki a sitiyari?"

Na ce, "In faɗa ka zo yi, sauka. Ban janye ko kalma ɗaya ba."

Ya ce, "A'a, wurin ƙofar nan ne ya burge ni. Na karanta wa Mama."

"Wace Mama?"

"Tawa mana. Ta ce a gaya miki shekararta tamanin da huɗu, ke ki kai haka mu ji taki."

Na zauna a kan matakala. Ya bar ni na gama jin kunyar, bai taimake ni ba ko kaɗan. Sannan ya ce, "Akwai abin da aka hana ni faɗa wa jama'a. Amma ke kika kawo kaset ɗin da tsohuwar muryar ke ciki, ya kamata ki sani."

Abin da zan faɗa yanzu, Yaya Verna ta ba ni izini yau da safe. Da ba ta ba ni ba, da ban buɗe baki ba.

Shekara biyar da suka wuce, Yaya Verna ta shiga wani shagon shayi a garin Nelson da rana tsaka, ta dawo daga asibiti. Tana tsaye a layi sai ta ji muryar mahaifiyarta tana fita daga lasifikar shagon, da ganguna a ƙarƙashi, mai shago yana gyaɗa kai yana dama madara. Mahaifiyarta, Philomene Abel, ta rasu tun shekara goma kafin nan. Waƙar da muka sa wa suna "Kiran Safiya" ba ta safiya ba ce. Waƙar makoki ce. Philomene ta rera ta ranar da aka binne ɗanta Ambrose, ƙanin Yaya Verna, wanda kogi ya ci yana da shekara goma sha tara. A wajen mutanensu ba a rera irinta sai a kan gawa, kuma ba kowa ke da ikon rera ta ba. Wani kawunsu ne ya naɗa a kaset don 'yan'uwan da ba su samu zuwa ba. Da suka tashi daga gidan, kwalin da kaset ɗin ke ciki ya ɓace cikin kayan da aka bayar sadaka.

Shekara ashirin muna tsalle a kan kukan uwa.

Yaya Verna ta nemo gidan Wendell. Solveig ta ce ko zama ba ta yi ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin naɗar sautinsa ta ce, "Kai ne Hankaka?" Ya ce, "Rabinsa." Ta ce, "A ina ka samo uwata?" Da ya fahimci abin da take nufi, sai ya ce, "Ni na ɗauka, ni na sa." Bai ce wata ce ta ba shi ba. Ya ce zai fito ya nemi gafara a gaban duniya. Ta ce, "A'a. Ba za ka sa sunan uwata a jarida ka wanke kanka da shi ba. Ka cire ta, ka yi shiru." Ya ce ko danginta za su yarda su rera wata ya sa a madadin. Ta ce, "Har yanzu nema kake yi?"

Ya cire ta, ya yi shiru. Shekara uku yana aikin. Muka zage shi, ya yi shiru. Bukukuwa biyu suka daina gayyatarsa, ya yi shiru. A kantin kayan abinci wani ya yi masa kukan ƙofa a baya, ya juyo ya ce, "Ka kusa, ƙara sama kaɗan."

Muryar da ya sa kuwa, ga yadda aka yi. Mama Polly ta same shi wata rana ya dafe kai a kan na'ura. Ta ce, "Me kake nema?" Ya ce murya. Ta ce, "Ka zagaye duniya kana kwasar na mutane, ga tawa a gida ba ka taɓa tambaya ba." Ya ce, "To ki rera." Ta ce, "Haka ake tambaya?" Sai da ya tashi ya sa riga mai tsabta, ya je gidanta ya zauna a teburin da take ajiye burodi da gishiri da ruwa bisa al'adar mutanenta, ya roƙe ta yadda ya kamata. Ta rera masa waƙar da take rarrashinsa da ita da Rashanci yana jariri.

Yanzu ga nawa. Ku yi haƙuri da ni.

Ni na sayi kaset ɗin nan a gwanjon wani coci, ina da shekara ashirin da shida. Yana cikin gidansa, kuma a jikin gidan an rubuta da biro: "Domin Ambrose", da kwanan wata, da ɗan gicciye a gefe. Na gani. Na saurara a mota, jikina ya ba ni cewa wannan ba waƙar wasa ba ce. Amma ina so yaran nan biyu su kula ni, ina so in zama wadda ta kawo musu abin da ba wanda ya taɓa ji. Na jefar da gidan kaset ɗin a kwandon shara na kai musu shi tsirara. Wendell ya juya shi a hannu ya ce, "Wace ce wannan? Ba suna?" Na ce, "Babu komai a jiki. Tsohon kaset ne kawai."

Ya tambaya. Ina so kowa a zauren nan ya ji wannan da kyau. Ya tambaya, ni na yi masa ƙarya. Dash, kana wurin, kana cin tuffa a kan akwatin lasifika. Kai ma ƙaryar na yi maka.

Ranar a cikin mota na gaya wa Wendell. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. Ya ce, "Shekara ashirin da uku, Noreen." Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba ni za ki gaya wa ba. Kin san wadda za ki gaya wa." Ya rubuta mini lambarta a bayan takardar zagin da na yi masa, ya sauka. Wata biyu bai gaishe ni ba. Daga baya ya koma ɗaga mini hannu a hanya, amma duk sanda muka haɗu sai ya ce, "Kin kira?" In ce, "Zan kira." Ran Talatar da ta wuce waccan ya tambaye ni a gidan mai. Ran Alhamis zuciyarsa ta tsaya yana faskare a bayan gida.

Yau da safe na tare Yaya Verna a wurin ajiye motoci kafin ta shigo. Na gaya mata duka, a tsaye, cikin sanyi. Ta ce, "Shi ya ɗauki zagin mutane shekara biyu, ke kina so ki sauke naki nauyin a bayan mota? Shiga ciki ki faɗa a gaban waɗanda suka yi rawar. Ki faɗi sunan uwata da na ƙanina, yanzu na yarda a ji su. Daga nan in ga ko zan zauna."

Na faɗa, Yaya. Ba na roƙon ki yafe mini yau. Ba ni da bakin roƙon.

Dash, na ga ka miƙe. Don Allah kada ka fita, saura kaɗan.

Ba wanda zai ce ba ka da gaskiya a naka. Rabin faifan nan naka ne. Bugun ƙasan da ke cikin "Kiran Safiya" kai ka yi shi, wata huɗu a ɗakin da babu murhu. Shi ne mafi kyawun abin da ka yi a rayuwarka, kai ka faɗa, mu ma mun sani. Abokinka ya tashi ya janye shi, kuma ya hana ka gaya wa mutane dalili. Ka ce masa cikin gatse, "Fasto, mun ba mutane farin ciki, wannan ba komai ba ne?" Komai ne, Dash. Ni shaida ce. Kun rabu shekara biyar ba ku magana, kana jira ya zo, yana jira ka huce, ga shi yanzu ba wanda zai zo. Na san faifan da ke aljihunka ba don ka ci mutuncin kowa ka kawo shi ba. Shi ne wuri na ƙarshe da kuke tare.

Amma na saurari Ƙetare na Biyu sau ɗari tun daga ranar, da kunnen da ya daina fushi, kuma zan gaya maka abin da mai sauraro ya ji. Ya canja kowace ganga a faifan nan. Ya canja gudu, ya canja tsari, kiɗa na biyar ma ba za ka gane shi ba. Bugun ƙasanka kaɗai bai taɓa ba, daga kiɗa na ɗaya har na tara. Ka ce ba ka taɓa sa faifan ba. Na yarda. Ka saurara yau.

Ku kuma 'yan'uwana masu rawa, mu da muka yi ihu aka cire mana abinmu: ba namu ba ne. Ba za a sa tsohuwar waƙar a zauren nan ba. Wanda ke da ita a gida, ba ni da ikon shiga gidan kowa. Yanzu dai kun san abin da matar take faɗa, da wanda take faɗa wa.

Na gode, Dash. Ga kujera nan kusa da Solveig, ta matsa maka.

Mama Polly, kin binne miji, yau kina zaune a makokin ɗa. Mu mutanen kwarin nan ba mu da abin da za mu mayar miki. Amma hanyar gidanki ba za ta kwana da ƙanƙara ba, an riga an raba kwanakin, sunana ne a kan Litinin. Solveig, kin riƙe sirrin nan tare da shi kina ji ana zaginsa a layin kanti. Mun ba ki wahala. Ki bar mu mu rage.

Muna godiya ga 'yan kwana-kwana da suka ɗauke shi a kafaɗa, ga matan da suka tsaya a kan tukunya tun jiya, ga makaɗa bakwai da suka zo da gangunansu, ga duk wanda ya taso daga nesa.

Mu sunkuyar da kai.

Ya Allah, ga bawanKa Wendell ya zo gare Ka. Ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka yafe masa abin da ya yi cikin rashin sani, Ka karɓi gyaran da ya yi da saninsa. Ka ba shi hutu. Ka jiƙan Philomene Abel, Ka jiƙan ɗanta Ambrose, waɗanda yau ne karon farko da muka ambaci sunansu a kwarin nan. Ka sanyaya zuciyar uwa, da ta mata, da ta aboki, da ta 'yar'uwa. Mu da muka rage, wanda ke da kiran da ya daɗe yana cewa zai yi, Ka ba shi ƙarfin yin sa kafin ya kai gida. Amin.